Filin Tambaya da Amsa: Datsun ɗin Marigayi da Batun Sauya Mata Inji

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman shawara a kan motar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Datsun 260Z ce ƙirar 1976, mai ƙofa biyu da kujera biyu, sitiyarinta a hagu, wadda ya saya lokacin da yake aikin gwamnati a nan Sakkwato. Tun wajen shekarar 1998 aka tura ta cikin rumfar bayan gidanmu bayan ta yi zafi a hanyar Bodinga, kuma daga ranar ba a sake tayar da ita ba. Ni malamin makaranta ne, amma na yi shekara uku ina koyon kanikanci a ƙuruciya, kuma burina shi ne in gyara ta da hannuna a gida. Wani abokina ya ce in fitar da tsohon injin in sa mata na Lexus LS400 mai silinda takwas, wani kuma ya ce na Camry ya fi, saboda arha da sauƙin kayan gyara. Wanne zan ɗauka, kuma daga ina zan fara?

Mai karatu daga Mabera, Sakkwato

AMSA

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa, ya kuma saka maka da alheri a kan wannan niyya. Kafin ka ɗora sifana a kan ko da ƙusa ɗaya, akwai abin da wasiƙarka ba ta bayyana ba, wato matsayin motar a cikin gado. Idan ba a raba ba, motar ta dukan magada ce, kuma kuɗin da za ka zuba mata zai shiga cikin dukiyar da ba taka kai kaɗai ba. Ka zauna da 'yan'uwanka maza da mata, a yi mata ƙima yadda take a yanzu, a rubuta a gaban shaidu cewa ta faɗo a rabonka ko ka saye kason sauran. Motar da ke kwance cikin ƙura ba mai waiwayarta, amma ranar da ta fito tana sheƙi kowa zai tuna cewa ta mahaifinsa ce.

Yana da kyau kuma ka san abin da ke cikin rumfarku. Kamfanin Nissan na Japan ya fito da wannan jerin motoci a ƙarshen 1969 da sunan 240Z, a gida Japan kuwa Fairlady Z ake kiranta. Ita ce ta lashe gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka a 1971, ta sake lashewa a 1973 a hannun Shekhar Mehta, a kan hanyoyin ƙura da taɓo waɗanda ba su da nisa da irin namu. Taka ƙanwarta ce, wadda ta fara fita a 1974 da inji mai suna L26, silinda shida a jere, girmansa lita 2.6, ƙarfinsa kimanin doki 150, yana tura tayoyin baya. A yau masu tara tsofaffin motoci a Amurka, Turai da Japan suna nemanta ido rufe, kuma wadda ke ɗauke da injinta na asali ita suka fi daraja. Saboda haka amsata a taƙaice ita ce kada ka sayi ko ɗaya daga cikin injunan da aka ba ka shawara, aƙalla ba yanzu ba. Ga dalilaina.

Maganar Camry ba ta buƙatar dogon bayani. Injinta a gicciye yake zaune, haɗe da giyabos ɗin da ke juya tayoyin gaba, ita kuwa Datsun injinta a tsaye yake daga gaba zuwa baya, ƙarfinsa na bi ta farfela ya isa aksul na baya. Kafin ka daidaita waɗannan biyun sai ka nemo wani giyabos dabam, ka ƙera farantin da zai haɗa su, ka sauya kaskon mai da bututan ruwa, kuma bayan duk wannan wahala abin da za ka samu shi ne mota mai silinda huɗu da ta rasa muryarta. Arhar da aka faɗa maka a kan injin kaɗai ta tsaya.

Inda aikinka zai fara shi ne bodi. Wannan mota ba ta da shasi na daban kamar Hilux ko Land Cruiser, jikinta shi ne ƙashinta, kuma duk abin da ke riƙe inji da ƙafafu a jikin farantin ƙarfe mara kauri aka ɗaure shi. An san ta da saurin tsatsa. Bushewar iskar Sakkwato ta yi maka rana, domin irinta da suka zauna a Legas ko Fatakwal yawancinsu sun ruɓe tuntuni, sai dai shekara ashirin da wani abu a rumfa na nufin damina ashirin da wani abu, kuma ƙurar da ta taru a lunguna tana riƙe laima kamar soso. Ka cire kujeru da shimfiɗar ƙasa gaba ɗaya, ka duba daben da ƙafa ke takawa ta sama da ta ƙasa. Ka duba dogayen ƙarafa biyu da suka taso daga gaban inji suka bi ƙarƙashin daben, ka duba ƙasan ƙofofi, ramin safayar taya, da bakin murfin baya inda ruwa ke kwanciya. Wurin da ya fi ko'ina ɓaci a irin wannan mota shi ne ƙarƙashin mazaunin batir, domin ruwan batir yakan ɗiga ya ci farantin har ya gangara kan ƙarfen da ke ƙasa. Ka sa bakin sukundireba ka danna da ƙarfi, duk inda ya lotsa ko ya huje ka zagaye shi da alli. Ka bi jikin motar da ɗan maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa akwai fila mai kauri da aka ɓoye wani tsohon rauni da ita.

Idan waɗannan dogayen ƙarafa sun ci, to babu maganar kowane inji sai an gyara su, domin ƙarin ƙarfi a kan ruɓaɓɓen jiki murɗe motar zai yi, har ka ga ƙofa ta daina rufuwa daidai. A nan ina roƙonka kada ka ba mai waldar ƙofofi da tagogi wannan aiki, ko da ya ƙware a sana'arsa. Farantin motar bai fi kaurin milimita ɗaya ba a mafi yawan wurare, waldar lantarki ta sanda huda shi take yi, ta gas kuma idan aka daɗe a wuri ɗaya sai ya lanƙwashe. Ka nemi gogaggen falanbita, ka sa ya tokare bakin ƙofofi da ƙarfe kafin ya yanke dabe, ya yanke ruɓaɓɓen wuri har ya kai lafiyayyen ƙarfe, ya sa sabo a madadinsa. Liƙa faranti a kan tsatsa rufe ciwo ne da ƙudaje a ciki. Tankin mai kuma a sauke shi a kai shi nesa kafin a kunna wuta, domin tankin da ya bushe shekaru yana iya riƙe tururin da zai fashe.

Sai tsohon injin, wanda abokanka suka yanke masa hukunci ba tare da sun saurare shi ba. Zafi ya yi, ba a ce ya fashe ba. Kada ka sa masa batir ka murɗa makulli. Ka cire fulogai shidan, ka zuba ɗan baƙin mai ko man giya a kowace silinda, ka bar shi kamar mako guda, sannan ka sa sifana a kan babbar ƙusar da ke gaban karanshaf ka gwada juya shi da hannu a hankali. Idan ya juya, ka riga ka ci rabin nasara. Ka cire murfin sama ka shafa wa kamshaf mai, ka zubar da tsohon baƙin mai ka duba ko da ruwa a cikinsa ko burbushin ƙarfe, ka sa sabo da sabuwar filta. Fetur ɗin da ya kwana tun 1998 ya zama danƙo, don haka tanki da bututu da kafireta duk sai an wanke, gwajin farko kuwa daga ƙaramin galan za ka ba shi mai. Daga nan sai ka aro ma'aunin matsin silinda. Abin da kake nema shi ne silindu shidan su yi kusa da juna, bambancinsu kada ya wuce kashi 10 cikin 100. Idan biyu da ke maƙwabtaka suka faɗi tare, gaskit ɗin da ke tsakaninsu ya ƙone, kuma wannan ya dace da labarin zafin da ka bayar.

Gangar jikin L26 baƙin ƙarfe ce, kan injin kuwa, wanda makanikai ke kira tof, na alminiyam ne, shi ya sa zafi mai tsanani yakan karkatar da shi. Mai injin gogewa zai auna shi ya share shi idan karkatar ba ta yi yawa ba. Ga wani gargaɗi da zai cece ka daga aikin kwana biyu: wannan inji da sarƙa yake aiki, ba da bel ba, kuma idan ka cire haƙorin kamshaf ba tare da ka cusa dogon katako tsakanin ɓangarorin sarƙar ka danne ta ba, abin da ke ɗaure sarƙar zai fito daga raminsa a can ƙasa, sai ka buɗe gaban injin gaba ɗaya kafin ka mayar da shi. Tsofaffin makanikan Datsun duk sun san wannan katako, kuma har yanzu akwai irinsu a garejojin Sakkwato. Ka nemi ɗaya ka riƙa kai masa gaisuwa, domin da tsohuwar zuma ake magani.

Idan kuwa ka buɗe ka tarar gangar ta tsage ko ruwa ya kwana a silinda ya cinye ta, a nan ne sauyin inji ya zama dole, kuma wanda nake ba ka shawara shi ne L28, ƙanin injinka uwa ɗaya uba ɗaya. Lita 2.8 ne, tsawon tafiyar fistin ɗinsa daidai da na L26, milimita 79, bambancin kawai a faɗin silinda ne, 86 a maimakon 83. Shi ke cikin Datsun 280ZX, da 280C, da wasu Nissan Patrol na farkon shekarun 1980, waɗanda duk sun yi yawo a ƙasar nan, don haka neman sa a Panteka ta Kaduna, Ƙofar Ruwa ta Kano ko Ladipo ta Legas ba neman abin da babu ba ne. Yana zama a kan kujerun injinka, yana kama giyabos ɗinka, kafiretocinka biyu da manifol ɗinsu suna komawa kansa, kuma ba ka yanka komai a jikin motar ba. Abubuwan lura kaɗan ne. Injin da ya fito daga wata mota sau da yawa kaskon mansa ba a inda na Z yake ba, saboda haka za ka ɗauko kaskon tsohon injinka da bututun da ke zuƙo mai, ka kuma tabbatar sandar auna mai ta faɗa wurin da ya dace. Idan daga mota mai giyar otomatik ya fito, akwai wani zobe a bayan karanshaf da za a cire, a sa ɗan bushin da bakin giyabos ke shiga, kafin a ɗaura fulayiwil da kuloci. Wannan aiki ne da mai shekara uku a kanikanci zai iya gamawa a gida.

Ban ce injin Lexus ba shi da kyau ba. 1UZ-FE, wanda ya fito da LS400 a 1989, yana cikin injuna mafi ƙarko da Toyota ta taɓa yi: lita 4, silinda takwas, jikin alminiyam, doki 250 a fitowarsa ta farko. Sa inji mai silinda takwas a Datsun Z kuma ba sabon abu ba ne, Amurkawa suna yi da injunan Chevrolet tun shekarun 1970. Amma abokinka kuɗin injin kawai ya faɗa maka. Wannan inji yana da faɗi ƙwarai saboda kamshaf huɗu da ke kansa, sai ka yi fama kafin bututan hayaƙi su wuce sandar sitiyari. Kujerun inji sai an ƙera, na giyabos sai an ƙera, farfela sai an yanke an daidaita ta a kan inji don kada ta riƙa girgiza. Kamfanin bai taɓa haɗa shi da giyar hannu ba, don haka ko dai ka karɓi otomatik a motar da daɗinta ke cikin canza giya da hannu, ko ka sayi wani giyabos da farantin haɗi da fulayiwil na musamman daga waje. Kafireta da matsin mai kaɗan take aiki, abin da bai wuce awo 3 zuwa 4 ba a ma'aunin da makanikai ke amfani da shi, injekta kuwa, wadda injin Lexus ke aiki da ita, tana neman wajen 40, wanda ke nufin sabon famfo, sababbin bututai masu jure matsi, da gyaran tanki don kada famfon ya zuƙi iska a kan kwana. Tsohon tiyo a ƙarƙashin irin wannan matsi, kusa da salansa mai zafi, shi ne yadda gobarar mota ke farawa.

Sannan ga wayoyi. Injin ba ya tashi sai da ƙwaƙwalwarsa, wadda ake kira burenbos, da damin wayoyinta cikakke ba a yanke ba, da na'urar auna iska. Na ƙarshen shekarun 1990 kuma suna da tsaron da sai sun gane makullinsu na asali. Masu sayar da inji sukan datse wayoyin da almakashi don saurin sauke shi, mai saye ya dawo gida ya yi wata shida yana neman mai wayarin da zai gane kansu. Ko agogon da ke nuna juyin inji a gabanka don silinda shida aka yi shi, ƙarya zai riƙa faɗa maka a kan takwas. Aksul na baya ma sai ka duba wanne ke ƙarƙashin motarka, R180 ko R200, lambar tana nufin faɗin babban haƙorin da ke ciki a milimita, kuma ƙaramin ba ya daɗewa a hannun inji mai irin wannan ƙarfi. Ka ƙara da shan mai, tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan ba ƙaramin lissafi ba ne ga mai albashin koyarwa. Duk wanda ya nace sai ya yi, to ya sayi rabin mota na gaba ɗungurungum, da makulli da komai, ya ji injin yana aiki kafin ya biya, ya kuma sauya bel da famfon ruwa ya duba sitata tun injin yana ƙasa, domin sitatar 1UZ a tsakiyar injin take, ƙarƙashin manifol. Wani zai kawo maka maganar 2JZ na Lexus GS300, mai silinda shida a jere. Ya fi dacewa da siffar wurin, amma wahalar wayoyi, famfo da giyabos tana nan yadda take, ga nauyin baƙin ƙarfe a kan hancin motar.

Kowane inji ka tsayar, birki ne zai riga shi. Motar tana da faifai a gaba, ganga a baya, kuma duk robar da ke cikin masta, kalifa da tiyoyin birki ta mutu, ko da ido bai nuna ba. A sauya su duka, a wanke bututan, a zuba sabon man birki, domin tsohon yana shan laima ya ci ƙarfe daga ciki. Ƙurar tsohon takalmin birki kada ka hure ta da baki ko da iska, na wancan zamani suna ɗauke da asbestos mai lahani ga huhu, jiƙa ta za ka yi ka goge. Masu irin wannan mota sun daɗe da gano cewa kalifa mai fistin huɗu ta Toyota Hilux mai jan ƙafa huɗu, ta farkon shekarun 1980, tana ɗauruwa a gaban Z, kuma gyara ne mai amfani a ƙasar da Hilux ba ta yanke ba. Tayoyi kuwa ko zanensu bai goge ba sun gama aiki. Idan za ka sayi wasu, ka karanta lambobi huɗun da ke gefe, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Haka bushin ƙafafu, shakazoba da robar sitiyari, zafin garinmu ya riga ya busar da su.

Zafin nan shi ne abin da nake so ka fi ba muhimmanci, tun da shi ya kwantar da motar tun farko. A watannin Afrilu da Mayu ma'aunin zafi a Sakkwato yakan haura digiri 40, kuma mota mai dogon hanci da ƙaramin baki ba ta samun iska sosai a cunkoson kasuwa. Lagireto a kai shi a buɗe a wanke ko a sauya masa ciki, famfon ruwa sabo, tiyoyi sababbi, murfin lagireto sabo, domin matsin da murfin ke riƙewa shi ke hana ruwa tafasa da wuri. A tabbatar fanka tana da abin da ke kewaye ta don ta ja iska ta cikin lagireto maimakon ta gefe. Kada ka zuba ruwan rijiya ko na burtsatse. Ƙasarmu mai farar ƙasa ce, ita ce ma ta kawo masana'antar siminti Kalambaina, kuma irin ɓawon da kake gani a cikin butar shayi shi ne zai toshe siraran bututan lagireto. Ka yi amfani da ruwan sanyaya inji na kanti gauraye da tataccen ruwa, wanda kuma zai hana alminiyam ɗin tof ruɓewa. Na san da yawa daga makanikanmu suna cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin ruwan inji, da zarar mota ta shigo ƙasar nan, kuma ban yarda da wannan al'ada ba. Cire shi ba ya warkar da toshewar lagireto, ɓoye ta yake yi na ɗan lokaci, sannan da sanyin asubar hunturu injin yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya sha mai ya ci kansa.

Akwai kuma wani hali na injunan L da ya kamata ka sani. Mashigar mai da mafitar hayaƙi duk a gefe ɗaya suke, kafiretoci suna zaune a saman bututun hayaƙi kai tsaye. Idan ka tsaya da rana ka kashe mota, zafin yakan tafasa fetur a cikin bututu, ka dawo ta ƙi tashi sai ta huce. Farantin da kamfani ya sa tsakaninsu don tare zafi sau da yawa makanikai sun jefar da shi tun da daɗewa. Idan babu shi ka sa a ƙera maka, ka naɗe bututan mai da abin tare zafi, ka kuma bar bututun da ke mayar da rarar mai tanki yana aiki.

Game da aiki a gida, inji irin wannan da kayansa yana kusan kilo 200. Kada a rataye shi a reshen dogon yaro ko a azarar rumfa, a kafa ƙafafun ƙarfe uku masu ƙarfi da sarƙar ɗagawa. Kada ka shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, kuma bulon siminti ba abin dogara ba ne, yana fashewa ba tare da sanarwa ba. Gida ne mai yara, saboda haka fetur, ruwan batir da ruwan sanyaya inji, wanda yake da zaƙi kuma guba ne, duk a kulle su, a ajiye abin kashe gobara kusa. Ka ɗauki hoton kowane abu da wayarka kafin ka kwance shi, ƙusoshi kuma a leda a rubuta sunansu, musamman fitilu, gilasai da ƙarafan ado, waɗanda samunsu ya fi samun inji wuya nesa ba kusa ba. Haɗa inji da fenti kada su faɗo cikin ƙurar hunturu. Ƙarshen damina, wajen Oktoba, ya fi dacewa da su. Idan ka sauke L26, ko da ya lalace, kada ka sayar wa 'yan gwangwan. Ka zuba masa mai, ka toshe ramukansa, ka ɗora shi a kan katako ka rufe, domin lambar da ke jikinsa ita ce ke kan farantin motar.

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. Na ga wata Peugeot 504 mai ƙofa biyu a Birnin Ƙonni, ba inji a cikinta, mai ita yana son sayarwa. Shin injin 504 ɗin da muka saba da ita zai shiga, kuma zan iya shigo da ita ta Illela?

Mai karatu daga Gwadabawa

AMSA

Barka kadai, Alhaji. Abin da ka gani ba kasafai ake ganinsa ba. Wannan samfuri, wato 504 Coupé, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinsa, an nuna shi a Janeba a 1969, an daina yin sa a 1983, kuma mai silinda shida daga cikinsa ya lashe gasar Safari a 1978. Ta fuskar inji ka fi mai tambayar farko sa'a, domin da yawa daga cikinsu da inji mai silinda huɗu na lita 2 suka fito, dangin wanda ke cikin 504 da 505 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, inda masana'antar Peugeot ta fara aiki a 1975. Babu garin da za ka rasa wanda ya san wannan inji a Arewa. Sai dai ka fara gano ko taka mai huɗu ce ko mai shida tun asali, domin kujerun inji da giyabos sun bambanta. Ka kuma tabbatar farfela da bututun da take ciki suna nan, saboda motar ta fi 504 ta gida gajarta tsakanin tayoyin gaba da na baya, na gidan ba zai shiga ba sai an yanke. Jikinta kuwa ba ya musayar ƙofa, gilashi ko fitila da wadda ka sani, don haka abin da ya ɓace a nan shi ne zai ci kuɗinka.

Shigowa ita ce babbar matsalar. Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga ranar 1 ga Janairu, 2017, kuma akwai ƙa'ida a kan shekarun motar da ake shigowa da ita. Ka je ofishin Kwastam a Sakkwato da hoton motar da lambar shasinta ka ji matsayinta a hukumance tun kafin ka ba da ko sisi, kuma kada ka saurari wanda zai ce zai bi da ita ta daji.

TAMBAYA

Malam, ɗana ya sauya wa tsohuwar motarsa inji, takardun kuma suna ɗauke da lambar tsohon. Akwai laifi a hakan?

Mai karatu daga Runjin Sambo, Sakkwato

AMSA

Hajiya, akwai gyara a ciki, kuma ba mai wuya ba ne. Lambar inji tana cikin abubuwan da ake gane mota da su, kuma idan ta saɓa da takarda, jami'in da ya tsayar da shi yana da dalilin zargin injin sata ne. Ya karɓi rasit daga wanda ya sayar masa, mai ɗauke da lambar sabon injin, sunan shago da kwanan wata. Ya kai motar wurin jami'an duba lafiyar ababen hawa, waɗanda aka fi sani da VIO, su gan ta da idonsu, sannan ofishin rajistar motoci ya gyara bayanan. Kamfanin inshora ma a sanar da shi a rubuce, musamman idan sabon injin ya fi tsohon girma, domin idan hatsari ya faru, Allah ya kiyaye, suna iya ƙin biya a kan cewa motar da suka yi wa inshora ba ita ce ke kan hanya ba. Ya ajiye kwafin rasit ɗin a cikin motar tare da sauran takardu, na asalin kuma ki riƙe masa a gida.